Wa'adin Mama zai ƙare 11 ga Satumba, ni kuma da sauran tiyata a gabana: in nema mata ƙari ko ta zauna har in zama 'yar ƙasa?

Maman Nabila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar takardun Amurka ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni da maigidana muna zaune a Kolombus ta jihar Ohio. Ta hanyar aikinsa muka samu girin kad, wato katin zaman dindindin, watan Nuwamba mai zuwa za mu cika shekara 4 da shi. Mahaifiyata ta iso ranar 12 ga Maris da bizar ziyara ta B-2 saboda haihuwata. Lissafinmu ta yi wata uku ta koma, haka ma ta faɗa wa jami'in da ya yi mata tambayoyi a ofishin jakadanci. Sai Allah ya yi nasa ikon. Hawan jini ya taso min, aka ciro yarinyar da tiyata tun cikin bai cika ba, ta yi kwana 24 a ɗakin jarirai na asibiti. Ni kuma ɗinkin ya ƙi kamewa, a watan Yuni aka sake kwantar da ni. Yanzu likita ya sa min ranar 6 ga Oktoba don a sake buɗe wurin a gyara, kuma ya hana ni ɗaga duk abin da ya fi jaririyar nauyi. Babbar 'yata Nabila shekararta 2, da ta ga na zauna sai ta miƙo hannu in ɗauke ta. Mama ce take sure ta ta fita da ita baranda har ta manta.

Shekaranjiya maigidana ya buɗe shafin hukumar kan iyaka ta CBP ya ciro I-94 ɗin Mama, wato takardar da ke nuna wa'adin zamanta, muka ga an rubuta 11 ga Satumba. Ni duk tsawon lokacin nan ranar da ke jikin bizar nake kallo, ita kuma da saura sosai. Ashe ba ita ba ce.

Tambayoyina uku ne. Na farko, ana ƙara wa'adin, kuma ta yaya? Na biyu, wata maƙwabciyarmu ta ce kar ma in wahalar da kaina, Mama ta yi zamanta kawai, ranar da na zama 'yar ƙasa in cike mata takardu, ana yafe wa iyaye wuce wa'adi. Gaskiya ne? Na uku, ƙanina shekararsa 19, bai yi aure ba, yana gida wurin Baba. Idan na ɗauko Mama, shi ma zai shigo cikin takardarta?

Ban ɓoye muku ba, zuciyata ta karkata ga maganar maƙwabciyar nan. Idan na tuna ranar da za mu kai Mama filin jirgi sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Amma ba na so in jefa ta cikin abin da ban sani ba.

Abu Fadil

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya raya jaririya. Ni ba lauya ba ne, amma na cike wa mahaifiyata da surukata irin waɗannan takardu, don haka ga abin da na sani.

Maigidanki ya kyauta da ya duba. Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Jami'in CBP na filin jirgi shi ke yanke kwana nawa mutum zai yi, kuma abin da ya yanke shi ne ke kan I-94. Mutane da yawa a nan suka faɗa rami.

Ana neman ƙari da fom I-539 a wurin USCIS, hukumar da ke kula da takardun shige da fice da zama ɗan ƙasa. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne takardar ta isa hannunsu kafin ranar da ke kan I-94 ta wuce, su kuma suna ba da shawarar a tura aƙalla kwana 45 kafin nan. A lissafinku 28 ga Yuli ke nan, kin ga babu lokacin jan ƙafa. Kuɗin da aka sa tun Afrilun 2024 dala 420 ne ta intanet, dala 470 ta takarda. Ku sake duba shafinsu ranar da za ku biya, domin idan kuɗin bai yi daidai ba dawo da takardar suke yi, kwanaki kuma suna tafiya. Ba a ƙara wa mai B-2 fiye da wata 6 a nema ɗaya, kuma ba dole ne su ba da duk abin da aka nema ba.

Abin da za ki haɗa: kwafin I-94, kwafin fasfo wanda wa'adinsa zai wuce lokacin da kuke nema, takardar likita mai ɗauke da ranar tiyata da tsawon lokacin jinya, bayanin asusun banki da ke nuna ku ne za ku ɗauki nauyinta, tikitin komawa mai rana, da wasiƙar Mama da ke bayyana dalili da abin da zai mayar da ita gida. Baba yana can, ƙaninki yana can, a rubuta haka ƙarara.

Shawarata, kar ku nemi wata 6 don kawai an ce ana iya nema. Ku tambayi likita makonni nawa za ki yi kafin ki iya ɗaukar Nabila, ku ɗora a kan 6 ga Oktoba, ku nemi daidai wannan. Buƙatar da ke da rana da dalili ta fi wadda aka bari a buɗe ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai ki kula da lafazin wasiƙar. Mai bizar ziyara ba ya aiki a ƙasar nan, kuma wasu jami'ai suna ɗaukar raino a matsayin aiki idan ya zama kaka ce ta maye gurbin mai raino don uwa ta koma ofis. Naki ba haka ba ne, ke ce ba ki da lafiya, uwarki tana jinyarki. To a rubuta gaskiyar yadda take, kar a ƙara, kar a rage, kuma kar a ambaci biyanta ko sisi domin ba biyanta kuke ba.

Idan kun tura za su aiko da rasit, I-797C. Ki adana shi kamar fasfo. Muddin an tura a kan lokaci kuma buƙatar ba ta wasa ba ce, kwanakin da take jiran amsa ba a lissafa su cikin zaman da ya saɓa doka, ko da 11 ga Satumba ta wuce. Sau da yawa amsar takan daɗe har lokacin da aka nema ya cika ba ta fito ba. Idan haka ta faru, Mama ta tafi a ranar da ta ce za ta tafi, kar ta tsaya jiran amsa. Surukata haka ta yi, tana gida amsar ta iso akwatin wasiƙunmu.

Akwai haɗari, ba zan ɓoye miki ba. Idan suka ƙi bayan wa'adin I-94 ya wuce tana nan, bizar da ke fasfonta ta mutu, sai ta koma ƙasarta ta nemi sabuwa, kuma daga washegarin ƙin ake fara ƙirga mata kwanaki. Tun farkon 2025 kuma USCIS ta ce wanda aka ƙi buƙatarsa alhali ba shi da izinin zama ana iya aika masa da sammacin kotun shige da fice. Don haka ku sayi tikitin da ake iya canza wa rana, ranar da amsa mara daɗi ta zo a fara haɗa kaya.

Tambaya ta biyu da ta uku zan dawo kansu da daddare, yanzu ina wurin aiki.

Ummu Sadik

Maman Nabila sannu da jiki. Ni dai abin da maƙwabciyarki ta faɗa na gani da idona. Uwar mijina ta wuce wa'adinta da wata bakwai, ɗanta ɗan ƙasa ne, ya cike mata I-130 (fom ɗin nema wa dangi zama) da I-485 (na neman girin kad daga cikin ƙasar) a tare, aka kira su intabiyu, aka ba ta katinta. Ba wanda ya ce mata uffan a kan wata bakwai ɗin. Ko kuma ku tsallaka da ita Kanada ku yi sati ku dawo, a buga mata sabon wata shida, ai ba nisa daga Ohio.

Anti Bilki

Ummu Sadik, ki yi haƙuri zan saɓa miki, domin wannan shawarar ita aka ba ni, na ɗauka, har yau ina cizon yatsa.

Abin da ya faru da surukarki gaskiya ne, doka ta yarda da shi. Iyayen ɗan ƙasa da suka shigo ta ƙofa da biza, ana iya gyara musu takarda a cikin ƙasar ko da sun wuce wa'adi. Amma ki lura, mijinki ya riga ya zama ɗan ƙasa a lokacin. Maman Nabila girin kad gare ta, kuma mai girin kad ba shi da ikon nema wa uwa ko uba ko ɗan'uwa komai. Mata ko miji da 'ya'yan da ba su yi aure ba, iyakarsa ke nan. Sai ta cika shekara 5 da katin, an yarda ta tura N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, kwana 90 kafin cikar, wato Agustan baɗi. Sannan ta jira intabiyu, ta jira rantsuwa, sannan ta fara na Mama. Duk tsawon wannan lokaci Mama tana zaune ba takarda, babu wata buƙata da ke gaban hukuma da za ta kare ta. Daga Satumban bana zuwa lokacin an haura shekara.

Maman Nabila ƙanwata, bari in ba ki labarina ki auna.

Tawa mahaifiyar ta zo min lokacin saura kimanin shekara biyu in yi rantsuwa. Aka ce min abin da aka ce miki. Wa'adinta ya cika, muka yi shiru. Watannin farko lafiya lau. Sai dai a hankali na ga ta canza. Ta daina yarda mu fita da ita nesa, idan ta ga motar 'yan sanda a layinmu sai ta saki labule. Wata rana haƙori ya hana ta barci kwana uku, ta ƙi faɗa min, wai kar a kai ta asibiti a tambaye ta takarda. Matar da a gidanta ita ake tambaya kafin a yi komai.

Tana wata na goma sha huɗu da wuce wa'adi aka bugo waya da asuba, Babanmu ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ina tsaye a kicin da wayar a hannu, ita tana bakin ƙofa da ɗankwali a hannunta ba ta ɗaura ba, ta riga ta gane daga fuskata. Ba ta tambaye ni komai ba sai "yaushe akwai jirgi?" Na kira lauya a ranar, ya ce min Hajiya idan ta fita yanzu shekara 10 ce. Dokar tun 1996 take: wanda ya wuce wa'adi fiye da kwana 180 ya fita, shekara 3 ba zai dawo ba, wanda ya kai shekara ɗaya ko fiye, shekara 10. Fitar ce ke tayar da hukuncin. Na tambaye shi babu afuwa? Ya ce akwai, amma sai mutum yana da miji ko mata ko iyaye 'yan ƙasa ko masu girin kad da za su shiga matsanancin hali saboda rashinsa. Ɗa ko 'ya ba sa cikin lissafi. Wato ni da na jawo mata, ba ni da ikon roƙa mata.

Na faɗa mata duka. Ta ce shekara 41 tana tare da shi, ba za ta zauna jiran kati yana kwance ba. Ta tafi bayan kwana biyu. Ya yi wata biyar yana jinya a hannunta kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma na gode wa Allah da ta tafi. Amma na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa bayan tafiyarta da wata huɗu, takardar tana hannuna ba ta amfane ta da komai ba. 'Yata ta ƙarshe a waya kawai ta san kakarta.

Ke Babanki yana raye, ƙaninki yana gida. Duk ranar da Mama ta haura kwana 180, kin ɗaure mata ƙafa ke nan, ko ta zauna duk abin da zai faru a gida ya faru, ko ta tafi a rufe mata ƙofa. Ki tambaye ta ko ta yarda da wannan ciniki. Ni ban tambayi tawa ba, na yanke mata ne kawai saboda ina son ta kusa da ni.

Maganar Kanada kuma, a bar ta. Wanda ya leƙa Kanada ko Meziko na ƙasa da kwana 30 ya dawo, yawanci a kan tsohon I-94 ɗinsa ake mayar da shi, ba sabon wata shida. Ga shi sai ta nemi bizar Kanada tukuna, kuma jami'in kan iyaka yana iya hana ta shigowa gaba ɗaya idan ya ga kamar zama take son yi.

Ummu Sadik

Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, Anti. Wallahi ban yi tunanin bambancin mai kati da ɗan ƙasa ba. Maman Nabila ki bi maganar Anti.

Abu Fadil

Allah ya gafarta wa Baba, Hajiya Bilki. Kin ɗauke min rabin abin da zan faɗa, kuma kin fi ni iya faɗarsa. Abu ɗaya zan ƙara a kai sannan in koma kan ƙaninki, Maman Nabila.

Kar ku haɗa maganar ƙarin wa'adi da maganar girin kad a tukunya ɗaya. A fom I-539 Mama tana sa hannu ne cewa zamanta na ɗan lokaci ne kuma za ta koma. Idan a ranta da naku an riga an ƙulla cewa ba za ta koma ba, wannan sa hannun ya zama ƙarya ga hukuma, hukuncin yaudara a dokar shige da fice kuwa haramcin har abada ne, ba shekara 10 ba. Afuwarsa ma irin wadda Hajiya ta faɗa ce, 'ya ba ta isa ta nema ba. Haka nan idan kin zama 'yar ƙasa, kar ki ce ta shigo da bizar ziyara da niyyar a gyara mata a nan. Wanda ya zo ziyara tsakani da Allah daga baya hali ya canza daban ne da wanda ya shigo da shirinsa a aljihu, kuma jami'an sun san tambayoyin da ke raba su.

Hanyar da ba ta da ƙura ita ce ta koma a kan lokaci. Idan kin yi rantsuwa ki tura mata I-130, dala 625 ta intanet ko 675 ta takarda a farashin 2024. Iyayen ɗan ƙasa mai shekara 21 zuwa sama suna cikin dangi na kusa, ba su da ƙayyadadden adadi a shekara, don haka babu layin jira sai na aikin ofis. Idan USCIS ta amince, takardar ta wuce cibiyar biza ta NVC, a cike fom ɗin neman bizar ƙaura DS-260, a yi gwajin asibiti, a kira ta intabiyu a ofishin jakadanci, ta shigo da bizar IR-5 ta iyayen ɗan ƙasa. Baba kuma tasa takardar daban, ba ya bin ta Mama. Ki fara neman takardar haihuwarki mai sunayen su biyun tun yanzu. Idan an yi rajistar haihuwar a makare sukan nemi ƙarin shaida, wani lokaci har gwajin DNA, kuma sai a ɗakin gwajin da suka amince da shi.

Ki sani kuma hanyar ofishin jakadanci tana hannun siyasa. A farkon 2020 an dakatar da bizar ƙaura ga 'yan wasu ƙasashe, har da Najeriya, aka ɗage a Janairun 2021, a 2025 kuma aka sake fitar da wasu jerin ƙasashe. Don haka kafin Mama ta tafi, da kuma kafin ki tura I-130, ki zauna da lauyan shige da fice ya duba matsayin ƙasar da fasfonta yake. Lauya mai lasisi nake nufi, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, ba masu cike fom a bayan shago ba.

Akwai kuma I-864, takardar ɗaukar nauyi. Mutane suna sa mata hannu kamar wasa, alhali yarjejeniya ce da gwamnati. Sai kuɗin shigar gidanku ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya, a lissafa da ku da yara da wanda za a ɗauko. Nauyin ba ya sauka sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zangon aiki 40, kimanin shekara 10 ke nan, ko ta bar ƙasar ta ajiye katin, ko rai ya yi halinsa. Ki haɗa da inshorar lafiya a lissafinki. Sabon mai kati da bai yi aiki a nan ba ba ya samun Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, sai ya kai 65 kuma ya yi shekara 5 a jere a ƙasar, sannan ma saye zai yi.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba sai da ya same ni: girin kad na mai zama ne, ba na mai zuwa da komawa ba. Tawa mahaifiyar ta samu, ta yi sanyi biyu a nan ta ce ita ba za ta iya ba. Idan mai kati ya wuce wata 6 a waje ana fara yi masa tambayoyi a filin jirgi, idan ya haura shekara ana ɗauka ya bar zaman, sai in ya nemi izinin dawowa kafin ya fita, shi ma bai wuce shekara 2. A ƙarshe ta mayar da katin da hannunta ta koma neman bizar ziyara. Da na zauna da ita tun farko na ji abin da take so, da ban kashe kuɗin ba.

To ƙaninki. A'a, ba ya shiga takardar Mama. Rukunin dangi na kusa ba ya jan kowa a bayansa, ko da yaron goye ne. Hanya biyu gare shi.

Ta farko, ke ki nema masa idan kin zama 'yar ƙasa, rukunin F4 na 'yan'uwa. Biza 65,000 ake warewa duk duniya a shekara, masu jira kuma sun ninka haka sau da yawa. A jadawalin Visa Bulletin da Ma'aikatar Harkokin Waje ke fitarwa kowane wata, jiran ya haura shekara 15 ga yawancin ƙasashe, 'yan Meziko da Filifin sun fi haka. Alherinta ɗaya, aure ba ya ɓata ta, idan layi ya zo kansa zai shigo da matarsa da 'ya'yansa 'yan ƙasa da 21.

Ta biyu, Mama ta nema masa bayan ta samu kati. Da zai kasance ƙasa da 21 a lokacin, da rukunin F2A ne mai ɗan sauri, amma ki yi lissafi: yanzu 19, kafin ki yi rantsuwa ya kai 20 da wani abu, kafin Mama ta shigo da kati ya haura 21. Sai F2B, 'ya'yan mai kati da suka manyanta ba su yi aure ba, shi kuma jiransa ya kai shekara 8 a 'yan shekarun nan. Ranar da ya ɗaura aure Mama tana mai kati, takardar ta mutu, domin babu rukunin ɗan mai kati mai aure. Kuma dole Mama ta ci gaba da zama a nan duk tsawon jiran.

Ba a hana a tura duka biyun ba. Ranar da USCIS ta karɓi takarda ita ce ranar shigarsa layi, don haka idan za ki yi F4 ki yi da wuri ki manta da ita. Sai dai ki gaya masa gaskiya, kar ya jingine karatunsa da rayuwarsa yana jiran kira. Idan yana da sha'awar karatu a nan, bizar ɗalibi ta F-1 hanya ce daban, kuma ya fi kyau ya neme ta kafin a tura masa I-130, domin ɗalibi ma sai ya gamsar da jami'i cewa zai koma, kuma fom ɗin yana tambaya ko an taɓa nema masa bizar ƙaura.

Maman Nabila

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Bilki, na karanta naki sau biyu, na biyun da hawaye. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa ki da Mama cikin alheri.

Jiya bayan isha'i na zauna da Mama a ɗakinta, jaririyar tana barci a cinyarta. Na karanta mata abin da kuka rubuta, ban tsallake komai ba. Ta yi shiru tana shafa kan yarinyar, sannan ta ce ita tun farko ba ta zo da niyyar zama ba, ganin halin da nake ciki ne ya sa ta kasa buɗe baki ta ce tana son komawa. Ta ce kullum idan sun yi waya da Baba sai ya ce mata komai lafiya, ita kuma ta san muryarsa, ta san ba ya shan maganinsa a kan lokaci. Wallahi ban san tana ɗauke da wannan ba. Wata huɗu muna gida ɗaya.

Maganar kati ta ce a bari tukuna, idan na yi rantsuwa a tambaye su ita da Baba tare.

Yau da safe maigidana ya kira ofishin likita, sun ce takardar za ta fito ranar Alhamis, kuma za a rubuta mako 8 na jinya bayan tiyata. Mun lissafa ya kai 1 ga Disamba, don haka za mu nemi zuwa 10 ga Disamba, mu sayi tikitin ranar 8. Mun kuma samu lauya za mu gan shi ranar Litinin kafin mu tura. Ƙanina zan kira shi da kaina in yi masa bayanin shekarun, na san ba zai ji daɗi ba domin ya sa rai.

Malam Abu Fadil, saura tambaya ɗaya. A ofishin jakadanci ta ce wata uku za ta yi, ga shi zai zama tara. Idan ta je sabunta biza ba za su riƙe ta da wannan ba?

Abu Fadil

Za su iya tambaya, kuma suna ganin ranar shigarta da ta fitarta a kwamfuta, don haka kar ta yi musu. Ki haɗa mata fayil ɗaya ta tafi da shi: kwafin I-539, rasit ɗin I-797C, amsar USCIS idan ta fito, takardar likita, takardar sallamar jaririya daga asibiti, da katin shiga jirgi na ranar da ta fita. Idan amsar ta zo bayan tafiyarta ki aika mata. Ta faɗa musu da bakinta cewa ta yi niyyar wata uku, 'yarta ta shiga tiyata sau biyu, ta nemi izini kafin wa'adi ya cika, ta fita a ranar da ta ce. Kuma ta ɗan jima a gida kafin ta sake neman zuwa, kar ta yi wata tara a nan ta dawo bayan wata biyu.

Fom ɗin da sunanta za a buɗe asusun intanet ɗin, ita ce mai nema ba ke ba, kuma akwai wurin da wanda ya yi mata tafinta zai sa hannu. Ki karanta mata kowace tambaya da Hausa kafin ta amsa.